Babi na Shida: Tashar Miƙa Murya a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya yi nazarin musibun da ke afka wa al'umma, ko ambaliya ce, ko guguwa, ko gobara, ko annoba, zai tarar cewa ɓarnar da ke biyo bayansu kashi biyu ce: akwai wadda musibar ta yi da kanta a sa'ar da ta sauka, wadda babu mai iya tare ta sai Allah, akwai kuma wadda jinkirin labari ya jawo, wato ran da ya salwanta saboda masu iya ceto ba su ji ba sai da gari ya waye, da dukiyar da ta halaka saboda wanda ya ga ruwa yana tahowa bai sami hanyar gaya wa na gaba da shi ba. Kashi na farko sai haƙuri da tawakkali. Kashi na biyu kuwa yana cikin abin da aka ɗora wa ɗan Adam ya yi tanadi a kansa, shi ne kuma abin da wannan babi zai duba, ta hanyar bayanin wata 'yar na'ura ta rediyo da 'yan sa kai ke kafawa a ƙasashe da dama, da yadda za ta dace da ƙasar Gumel.

Ƙasar Gumel, wadda a tsarin mulki na yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na arewacin jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai rairayi, ba dutse ba tsauni, ba kuma wani babban kogi da ya ratsa ta, domin kogin Haɗeja, wanda yakan cika ya batse ya cinye gonakin Ringim da Auyo da Kafin Hausa, can kudu da ita ya bi. Wannan ya sa mai hange daga nesa zai zaci ba ruwan Gumel da ambaliya, alhali kuwa wanda ya yi damina a cikinta ya san cewa idan ruwan Agusta ya kwana yana zuba, kududdufan da aka haƙa shekara da shekaru ana ɗibar ƙasar gini sukan tumbatsa su haɗe da juna, ruwa ya kwanta a gindin katangu, ginin ƙasa ya jiƙe ya zauna a kan masu barci, hanyar da ke tsakanin ƙauye da bakin kwalta kuma ta koma fadama wadda ko babur ba ya keta ta. Ban da wannan akwai iskar farkon damina mai yaye kwanon rufi da karya turakun lantarki, da gobarar hunturu mai lashe rumbuna da rumfunan kasuwa, da sanƙarau na bazara wanda bai san kan iyaka ba, kamar yadda aka gani a 2023 sa'ad da ya kama Jigawa da Damagaram a lokaci guda. A daminar 2022, da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Magabata ba su yi sakaci da sha'anin labari ba. Masarautar Gumel, wadda aka kafa wajen 1750, ta kuma zauna a inuwar Barno, tana tsakanin Damagaram da Haɗeja da Kano ne, a zamanin da hango ƙurar mahara da wuri shi ne abin da ke raba tsira da bauta. Saboda haka labari yana da tsaninsa sananne, daga mai unguwa zuwa bulama ko dagaci, daga nan zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fada, manzo yana kan doki, tambari da sankira kuma suna isar da umarni ga jama'a. Daulolin Musulunci na gabas sun kai wannan fanni matuƙa da tsarin baridi, inda ake ajiye dawaki da mahaya zango-zango, har ya zama a zamanin Sarkin Misira Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, wasiƙa takan tashi daga Alƙahira ta isa Dimashƙa cikin kwana huɗu. Hikimarsu ita ce kada a ɗora wa doki ɗaya tafiyar duka, kowane zango ya karɓa ya miƙa wa na gaba. Daga baya wayar tangaraho ta zo, hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka gama a 1930, ta bi ta Gagarawa, akwatin rediyo ya shiga zauruka, sa'an nan a 2001 wayar salula ta sauka Nijeriya, ta mamaye birni da ƙauye har mutane suka sakankance cewa matsalar isar da saƙo ta ƙare.

Amma wayar salula, duk da falalarta, ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye, ko da kuwa tabarma ɗaya masu su ke zaune. Muryar mai kira sai ta tafi ƙarfen sabis, daga nan ta bi igiyoyin da aka binne ko wasu ƙarafan har ta kai cibiyar kamfani a wani birni mai nisa, kafin ta dawo. Kowane ƙarfe kuma yana bukatar janareta, janareta yana bukatar man gas, man gas yana bukatar mota, mota tana bukatar hanya, hanya kuwa ita ce abin da ambaliya ke fara yankewa. In ma ƙarfen ya tsira, to cunkoson masu kira a lokacin firgici yakan toshe layi, wayoyin hannu kuma su mutu ɗaya bayan ɗaya saboda shagon mai caji yana cikin ruwa. Mutanen arewa sun ɗanɗana zama babu sabis a watan Satumba na 2021, sa'ad da hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, abin da ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna daga baya, har mutum ya shiga mota ya tsallaka wata jiha domin kawai ya gaya wa ɗan'uwansa an yi rasuwa. A tsibirin Fotoriko kuwa, da guguwar Mariya ta ratsa shi a 2017, kashi 95 cikin 100 na ƙarafan sabis suka daina aiki. Gidan rediyo yana da nasa amfani a irin wannan rana, sai dai shi faɗa yake yi ba ya saurare, mutumin da gini ya danne wa iyali kuwa bukatarsa a ji shi.

Abin da ya rage shi ne wayar oba-oba, wadda aka saba gani a hannun 'yan sanda da 'yan sintiri da 'yan agaji a filin idi. Ita ba ta da kati, ba ta da kamfani, ba ta bin kowace cibiya: ka danna ka yi magana, duk wanda ya murɗa tasa a kan zango ɗaya da kai ya ji ka nan take, mutum ɗaya ne ko ɗari. Aibinta guda shi ne gajeren hannu. Igiyar rediyon da take amfani da ita a miƙe take tafiya kamar haske, ƙasa kuwa a lanƙwashe take, saboda haka abin da ya faɗa bayan lanƙwasar ba ya ji. Masana sun yi lissafin cewa eriyar da ke daidai kafaɗar mutum ba ta wuce kimanin kilomita 5 kafin ƙasa ta tare ta, mutum biyu a fili fetal za su iya jin juna a wajen kilomita 10, in kuwa akwai gine-gine da itatuwa a tsakani, sai abin ya ragu ƙwarai. Ƙara ƙarfin na'ura ba ya warware wannan sosai. Tsawo ne maganinsa, kuma ƙa'idarsa ita ce duk wanda yake son ya ninka nisa sau biyu, sai ya ninka tsawo sau huɗu.

A nan ne aikin tashar miƙa murya, wadda masu sana'ar ke kira rifita, yake bayyana. Wanda ya taɓa sallar idi a zamanin da ba lasifika ya san mai jiyarwa, mutumin nan mai ƙarfin murya da ke tsayawa a tsakiyar sahu, liman yana yin kabbara shi kuma yana ɗaga ta domin sahun baya su ji su yi ruku'u tare da na gaba. Bai ƙara kome ba, bai rage kome ba, ya dai karɓa ya ɗaga. Haka wannan na'ura take. Ana ɗora eriyarta a wuri mafi tsawo da aka samu, tana saurare a kan zango ɗaya, tana kuma maimaita abin da ta ji a kan wani zangon a daidai wannan lokaci, da ƙarfin da ya ninka na oba-oba sau biyar ko sau goma. A nahiyar Afirka da Turai, zangon da aka keɓe wa masu rediyon sha'awa domin irin wannan aiki ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, kuma al'ada ita ce a bar tazarar kilohaz 600 tsakanin inda tashar ke saurare da inda take magana. Ta haka mai oba-oba ta wat 5 a Maigatari zai yi magana da wani a Gagarawa, alhali kuwa da su biyu ne kawai, ko ƙararsa ba za ta kai rabin hanya ba.

In ka buɗe akwatin irin wannan tasha, abin da za ka gani bai taka kara ya karya ba. Akwai na'urar ji da na'urar faɗa, wani lokaci ma oba-oba irin ta mota ce guda biyu aka haɗa. Akwai ɗan allo mai sarrafa su, wanda ke kunna na'urar faɗa da zarar murya ta shigo, ya riƙa sanar da lambar tashar lokaci-lokaci kamar yadda doka ta nema, ya kuma katse duk wanda ya riƙe layi fiye da 'yan mintoci. Akwai wasu dogayen gwangwanaye na ƙarfe, huɗu ko shida, jere a gefe, waɗanda aikinsu shi ne tace igiyoyin domin kada ƙarar da tashar ke fitarwa ta kurmantar da kunnenta, tun da eriya ɗaya ake ji da faɗa da ita. Waɗannan su ne suka fi tsada, su ne kuma suke bukatar gwani ya daidaita su. Sai batir mai bolt 12 irin na sola, da faifan sola a kan rufi, da igiya mai kauri da ta hau zuwa eriya, da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa domin ta shanye aradu. Duk abin bai fi a ɗauke shi a bayan a-kori-kura ba.

To, ina za a sami tsawo a ƙasar da ba tsauni? Allah da ikonsa, abin da ya hana ta dutse shi ne kuma ya kawar mata da shamaki, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa babu abin da ke tare igiyar rediyo sai lanƙwasar ƙasa kawai, ita kuwa lissafinta sananne ne. Eriyar da aka ɗaga mita 40 tana hangen kimanin kilomita 26, in aka haɗa da kilomita 5 na mai riƙe da oba-oba sai ya zama wajen 31. Garin Gumel kuma kusan a tsakiya yake, Maigatari na arewa da shi, Sule Tankarkar na yamma, Gagarawa na kudu maso gabas, kuma in aka auna a miƙe babu wanda ya wuce kilomita 30 da wani abu. Ƙauyukan da ke can gefe, in aka kafa musu dogon bututun ƙarfe na mita 9 a ƙofar gidan bulama aka ɗaura eriya a kansa, sun ƙara kusan kilomita 12 a nasu ɓangaren maimakon 5. Ma'ana, tasha ɗaya tak da aka zaɓa wa wuri da hankali za ta iya haɗa mafi yawan masarautar. Wurin kuwa ko babban tankin ruwa ne, ko hasumiyar masallacin Juma'a, ko wani ƙarfen sadarwa da masu shi suka yarda a raɓa, duk ya halatta, muddin an yi yarjejeniya a rubuce kuma mai gyara zai iya hawa ko da tsakar dare ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, kuma abin lura shi ne a kusan ko'ina masu sha'awa ne suka riƙe shi da aljihunsu da lokacinsu. A Amurka, Hiram Percy Maxim ya kafa ƙungiyar ARRL a 1914 domin masu rediyo su riƙa miƙa wa juna saƙo daga gari zuwa gari, tamkar baridin da muka ambata. A Ingila, ambaliyar teku ta farkon 1953, wadda ta kashe mutum fiye da 300 a can da fiye da 1,800 a Holan, ita ce sanadin kafa ƙungiyar masu rediyo 'yan sa kai ta RAYNET a wannan shekara. A ranar 26 ga Disamba 2004, da igiyar tsunami ta daki tsibiran Andaman na Indiya, an yi dace wata mata mai suna Bharathi Prasad da abokan aikinta suna garin Fot Bilaya da na'urorinsu na gajeren zango, sun je ne don nishaɗin gaisawa da masu rediyo na duniya, sai suka ajiye nishaɗin suka koma isar da saƙon hukuma da na iyalai zuwa babban yankin ƙasar. A Indonesiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, mai fama da girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu, ƙungiyoyin masu rediyo na ORARI da RAPI sun daɗe suna cikin masu kai ɗauki na farko.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu ya faru ne a ƙarshen Satumba na 2024, sa'ad da guguwar Helin ta zubar da ruwa a tsaunukan jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ta wanke hanyoyi da gadoji, ta kashe lantarki da sabis a birnin Ashbil da ƙauyukan kewayensa. A kan dutsen Micel, mai tsawon mita 2,037, akwai wata tashar miƙa murya ta 'yan sa kai wadda ta ci gaba da aiki. Kwana da kwanaki masu jan ragamarta suna karɓar kira, wannan yana cigiyar mahaifiyarsa, wancan yana faɗin hanyar da ta yanke da wadda ake iya bi, wani yana neman magani ga mai ciwon sukari, su kuwa suna rubutawa suna miƙawa ga masu ceto. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi da na'urori ke nan, amma da ranar ta zo, akwatin da wasu mutane suka ɗora a kan dutse tun ana zaman lafiya shi ya yi rana. A maƙwabtanmu ma akwai abin koyi, ko da yake nasu gidan rediyo ne na gari: a Bankilare da ke yammacin Nijar, wajen shekarar 2000, an kafa ƙaramar tasha mai aiki da hasken rana wadda mutanen gari ke gudanarwa, tana karɓar hasashen yanayi ta shirin RANET da cibiyar ACMAD ta Yamai ta tsaya masa, tana faɗa wa makiyaya da manoma da harsunansu. Hujja ce cewa rana da ƙura da talauci irin na Sahel ba su hana jama'a riƙe na'urarsu ba in sun ɗauke ta tasu.

Sai dai wajibi ne a shiga wannan al'amari ta ƙofa. Zangon rediyo dukiyar ƙasa ce, ba ya halatta mutum ya sayi na'ura a kasuwa ya hau duk inda ya ga dama, domin yana iya faɗawa kan layin jami'an tsaro ko na jiragen sama. Mai rediyon sha'awa sai ya sami lasisi daga hukumar tarayya mai kula da sadarwa, a ba shi lambar kira, wadda a Nijeriya take farawa da 5N, a Nijar kuma da 5U, kuma akwai ƙungiyar masu wannan fanni ta ƙasa, wato NARS, da za a nemi shawararta. Dokokin duniya sun ba da ƙofa: yarjejeniyar Tamfere ta 1998, wadda ta fara aiki a 2005, an yi ta ne domin sauƙaƙa amfani da kayan sadarwa a lokacin bala'i, taron rediyo na duniya na 2003 kuma ya ƙarfafa wa gwamnatoci gwiwa su bar masu rediyon sha'awa su shirya wa irin wannan aiki. Ga ƙasar da ke bakin iyaka kamar Gumel, inda muryar tashar za ta tsallaka Nijar ko an so ko ba a so, a zamanin da kuma ake zargin duk mai riƙe da oba-oba, hankali ya nuna cewa a sanar da fada da ƙaramar hukuma da 'yan sanda da hukumar agajin gaggawa ta jiha tun kafin a sayi ko ƙusa, a kuma ba su jerin sunayen duk masu riƙe da na'ura. Abin da aka yi a sarari shi ke da kariya.

Mutanen da za su riƙe aikin kuwa ba sai an je nesa nemansu ba. Akwai 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda sun riga sun saba da horo da bin umarni; akwai 'yan Red Cross, da 'yan sintiri, da ma'aikatan asibitocin ƙauye, da malaman makaranta, da shugabannin direbobi na tasha waɗanda suka fi kowa sanin halin hanya; akwai masu gyaran rediyo da waya da masu haɗa sola a kasuwa, waɗanda in an nuna musu sau ɗaya sun riƙe. Haɗarin da ke tattare da kayan jama'a sananne ne, wato kowa ya ce na kowa ne, a wayi gari ba mai shi. Malamanmu na fikihu sun tanadi magani biyu ga wannan ciwo. Na farko hukuncin farilla ta kifaya, aikin da in wasu suka tsaya masa ya faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari to laifin ya hau kan kowa. Ceton rai kuma yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin kiyaye su. Na biyu tsarin wakafi, inda mai hali zai sayi na'urar ya tsayar da ita sadaka mai gudana, a naɗa mata nazir sananne da sunansa, a kuma keɓe mata abin da za a riƙa yi mata hidima da shi, domin mai ba da kyautar akwati yana da yawa, mai tuna kuɗin batir bayan shekara biyu shi ne ƙalilan.

Hidimar kuwa ba ta da wuya, sai dai ba ta son mantuwa. Zafin bazara yana rage kwanan batir, saboda haka ɗakin na'ura yana son inuwa da iska. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola har ya kasa cika batir, sai an riƙa goge shi. Aradun farkon damina yana neman abu mafi tsawo a gari, wanda shi ne eriyar, saboda haka kafin hadari ya fara haɗuwa sai an duba sandar tagulla da igiyarta. Ruwa yakan shiga mahaɗar igiya ya raunana murya a hankali ba tare da an lura ba. Ɓarawo kuma yana son batir da faifan sola. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a gano in ba ana amfani da tashar ba, wannan ne ya sa masu abin a ko'ina suke da zama na mako-mako a kan iska, wanda suke kiyaye shi ko da babu abin da ya faru.

A ƙaddara an sa shi daren Alhamis bayan sallar lisha, wato daren da gari zai waye a ci kasuwar Maigatari. Mai jan ragama yana zaune a Gumel da littafi da alƙalami, yana kiran garuruwa bi da bi. Ya ce, “Maigatari, kuna ji?” A amsa masa, “Muna ji sarai, Malam. Lafiya lau, an yi yayyafi da la'asar, batir a cike yake. Na miƙa.” Ya rubuta, ya wuce Sule Tankarkar. Garin da aka kira sau uku bai amsa ba, gobe a tura yaro a kan babur ya gano dalili. A irin wannan zama ne ake koyon abin da ya fi wuya ga Bahaushe, wato taƙaita gaisuwa, domin layi ɗaya ne, muddin wani yana tambayar gajiya da iyali da kwanan gida, to wani mai larura yana jira. Nan ne kuma ake sabawa da tsarin saƙo mai rukuni huɗu: wane ne kai, ina kake, me ya faru, me ake bukata. Ranar da abin ya zo da gaske, bulama zai iya gaya wa hakimi cikin numfashi biyu, “Ranka ya daɗe, gidaje sun faɗi a unguwar yamma, mutum biyu suna ƙarƙashin gini, hanyar gabas ta yanke sai a biyo ta arewa, a zo da shebur da diga da mai duba rauni.”

Akwai kuma ladabin labari, wanda ya fi na'urar muhimmanci. Abin da aka faɗa a wannan layi kowa yana ji, babu sirri a cikinsa, saboda haka ba wurin ambaton asirin marar lafiya ba ne, ba kuma wurin siyasa ko talla ko hira ba. Jita-jita a lokacin firgici tana iya tayar da gari guda ta watsa shi cikin dare a banza, ko ta janye masu ceto daga inda ake bukatarsu. Umarnin tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi yana nan cikin Suratul Hujurati, malaman hadisi kuma sun koya mana bambanta wanda ya ji da kunnensa da wanda labari ya iso masa ta bakin wani. Haka ya kamata mai jan ragama ya riƙa tambayar duk mai kawo rahoto, da idonka ka gani ko gaya maka aka yi, ya rubuta amsar tare da lokacin da aka faɗa, ya miƙa ta yadda ya karɓe ta.

Kada kuma a ɗora wa wannan na'ura abin da ba ta iya ɗauka. Ba ta gyara magudanar ruwa, ba ta hana gini a bakin kududdufi, ba ta maye gurbin hukumar agajin gaggawa ta NEMA da aka kafa a 1999 ko lambar gaggawa ta 112, kuma kiran da aka yi babu motar da za ta taso bai amfana kome ba sai ƙarin baƙin ciki. Amfaninta ya tsaya ga cike giɓin sa'o'in farko, tsakanin saukar musiba da isowar hukuma, sa'o'in da a cikinsu maƙwabci ne kawai ke iya ceton maƙwabci. Jerin aikin ma a bayyane yake: a fara tara mutanen da za su ɗauki amanar, a nemi izini da lasisi, a daidaita maganar wuri mai tsawo, sayen na'ura ya zo a ƙarshe. Lokacin tara kuɗi shi ne kaka, sa'ad da aka sayar da riɗi hannu yana da danshi. Lokacin kafawa da gwaji shi ne rani, domin kafin ruwan farko ya sauka a riga an san ƙauyen da muryarsa ke fita tas da wanda ke bukatar a ƙara masa tsawon bututu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda za a haɗa wannan layi da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, har gargaɗi ya riƙa isa ƙauye kafin hadari ya iso, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.